Ƙasar da Ta Motsa da Autanmu

A gidanmu na Agege ƙasa takan motsa sau da yawa a yini, kuma ban taɓa jin wanda ya ce fushin Allah ne ba. Layin dogo yana bayan katangarmu. In jirgi ya taho sai kwanuka su hau kaɗawa a kan kanta, ruwan bokiti ya yi ta rawa, Inna ta dafe murfin tukunya har ya wuce, sannan ta ci gaba da tuƙinta. A cikin wannan jijjigar aka haife ni, a cikinta aka haifi autanmu bayan na riga na zama budurwa.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma hira da ni. In tana son in miƙo mata gishiri sai ta faɗa wa bango, ni kuma in tashi in ɗauko. Mutanen Legas suna yi wa abin kallon ƙiyayya, mu kuwa mun san kunya ce, da ita ta tashi a ƙauyensu, ta ƙullo ta cikin kayanta har nan. Duk abin da kunyar ta hana ta nuna mini, a kan auta ta juye shi. Shi ne mai zama a bakin tabarmarta yana kankare ƙanzo, yana tsokanarta da Yarbanci, tana zaginsa da Hausa tana dariya. Da ya samu gurbin karatu a wata ƙasa mai nisa bayan rasuwar Baba, dangi suka ce ina za a tura yaro ƙarami, ita ce ta tsaya masa. Ta daka masa yaji, ta ƙulla kuka da daddawa, ta ce ya je, duniya ba a Agege ta ƙare ba.

Ni malama ce, labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare da ba ta da nisa da gida. Kowace shekara ina tsayawa gaban allo ina zana wa yara yadda girgizar ƙasa take faruwa, suna hamma, don abu ne da ba su taɓa gani ba, ba su kuma sa ran gani. Auta ne ya fara ba ni labarinta daga bakin wanda ya ji. Ya kira ni yana dariya, ya ce yau fitilar ɗakinsu ta yi lilo, kofin shayinsa ya matsa da kansa, abokan karatunsa suka ruga waje, shi kuwa ya zauna yana jiran ya ji ƙahon jirgi. Ya ce in faɗa wa ɗalibaina darasin gaskiya ne, amma kada in faɗa wa Inna.

Ina ɗakin malamai wata safiya abokiyar aikina ta miƙo mini waya ta ce in ga abin da ya faru. Benaye ne a kwance kamar an taka kwali, mutane suna tonon ƙasa da hannu. Na karanta sunan garin a ƙasan hoton, na tsinci kaina zaune a kan siminti. Muka yi ta kiran lambarsa ba ta shiga. Daga baya wani ɗan ƙasarmu da suke karatu tare ya kira mijina, ya ce benen da suke haya ya rufta, maƙwabta sun tono gawar auta, sun yi masa wanka da sallah, sun binne shi tare da nasu.

Aka kafa rumfa a kan layi don maza, 'yan okada suna zagayawa ta baya suna ƙunƙuni. Mata kuma muka cika ɗakin Inna da barandar da ta raba ɗakunan haya. Jama'a ta zo, ba laifi. 'Yan kasuwar goro abokan Baba sun zo, masu tura ruwa a kura da suke saya wa Inna abinci sun zo sun tsuguna a bakin ƙofa, har matan cocin da ke ƙarshen layi, 'yan kudancin Kaduna, sun shigo da ɗankwalayensu sun gaishe ta. Zaman makoki yana da dokarsa, ko da ba wanda ya taɓa karanta mana ita. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya musu. Kana zaune kai a sunkuye, a ce maka ya haƙuri, ka ce da godiya, a yi addu'a ka ce amin. Ko mai gaisuwa ya zo da shirme haka za ka haɗiye ka gode masa, don takowa ya yi. Inna ta fi kowa iya wannan. Ta zauna a kusurwa da carbinta, idonta a bushe, amin ɗinta ba ya makara.

Sai ga Gwaggo daga Kano. Yayar Baba ce, kuma tun da ya rasu take ganin gidan a hannunta yake, duk da rabonta da Legas tun bikina. Mace ce mai alheri, ba zan ɓoye ba, amma wayarta cike take da saƙonnin murya, kuma duk abin da aka turo mata ya zama karatu. Ta yi kukanta, ta sha ruwa, ta gyara zama, ta fara bayani. Ta ce ai irin wannan girgizar ba ta sauka a kan mutane haka kawai. Ta ce gari ne da aka cika shi da saɓo, mata suna yawo ba sutura, shi ne aka kife shi. Ta ce mu duba mana, me ya sa ba a yi a ƙasarmu? Mata suka yi ta cewa Allah ya kiyaye. Sannan ta juya wajen Inna ta sassauta murya, wai ita lallashi take yi, ta ce yaro dai tsautsayi ne ya kai shi cikin waɗanda aka yi fushi da su, da an ji maganarta tun farko da bai je ba.

Hannun Inna nake kallo. Carbin ya tsaya. Wata mata ta yi addu'a daga bakin ƙofa, kowa ya ce amin ban da Inna.

Ina da zuciya, duk layinmu an sani, kuma ranar ban ko yi ƙoƙarin danne ta ba. Na ce, "Gwaggo, ba haka ba ne."

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Au, boko ne zai yi mana wa'azi a gidan mutuwa?"

Na ce ba wa'azi zan yi ba, tambaya ce da ni. Na ce ta fito ta hau motar haya ta danfo daga Agege zuwa Mushin, ta faɗa mini saɓon da ba ta gani ba a hanya. In da zunubi ne yake girgiza ƙasa, da Legas ba ta kai war haka da bulo ɗaya a kan ɗaya ba, kuma da Kanon ma ba ta sha ba. Na tuna mata da benen da ya taɓa ruftawa a cikin gari a kan leburori 'yan arewa, babu girgiza babu komai, siminti kawai aka ha'inta. A masallacin layin nan aka sallace su, ba wanda ya tsaya binciken laifinsu. Ban kai ƙarshe ba Iya ta kama hannuna ta ja ni waje. Iya Bayarabiya ce mai sayar da burodi, ɗakinta yana kallon na Inna tun kafin a haife ni, kuma ita kaɗai ce take iya ja na in bi.

Kafin la'asar magana ta isa rumfar maza. An ce na yi wa gwaggona rashin kunya a zaman makoki, an ce na musanta ikon Allah, wani ma ya ce ai dama masu koya wa yara duniya tana juyawa ƙarshensu ke nan. Dattawa suka sami mijina, shi kuma ya same ni yana sosa ƙeya, ya ce in daure in je in durƙusa in ce na tuba, a wuce wurin. Na ce durƙusawa ba ta yi mini wuya, tun ina yarinya nake durƙusa wa Gwaggo. Amma in ce ta yi gaskiya a kan ƙanena, a gaban uwarsa, ba zan faɗa ba ko duk Agege za ta taru a kaina.

Surutunsu bai hana ni komai ba. Inna ce ta dame ni. Ta daina cin abinci, in an kai mata sai ta tura kwanon ƙarƙashin gado. Tana sallah, amma in ta idar sai ta zauna hannunta a cinya, ba ta ɗaga shi. Iya ce ta kawo mini dalili. Ta ce Inna ta tambaye ta da Yarbanci, don kada baƙi su ji, ko addu'a tana isa ga wanda ya mutu a cikin azaba. Inna ta kuma ce mata ita ce ta tura shi da hannunta. Uwa ce ɗanta ya mutu, ba ta ga gawarsa ba, ba ta san kabarinsa ba, abu ɗaya ya rage mata, ta roƙa masa rahama da zuciya ɗaya, shi ma an zo har ɗakinta an ƙwace. Na ji haushin da ban taɓa ji ba a rayuwata, har yau in na tuna sai ya taso mini.

To amma ta yaya 'yar fari za ta zaunar da uwarta ta yi mata darasi? In na tunkare ta, tashi za ta yi ta bar mini wurin. Sai na ari dabararta. Da hantsi baƙi sun ɗan ragu, Inna tana zaune a kicin ta ba ƙofa baya tana tsintar waken sadaka. Na ciro tsohuwar ƙwaryarta da ke rataye a ƙusa, wadda ta taɓa fashewa aka ɗinke, na zauna a bakin ƙofar na kira Iya. Ni da Iya Yarbanci muke yi tun da na iya magana. Ran nan da Hausa na soma mata, kuma da ƙarfi. Ta dube ni, ta dubi bayan Inna, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta ce to malama, tana ji.

Na nuna mata ƙwaryar na ce haka ƙasar da muke takawa take. Muna ganin kamar dunƙule ɗaya ce, alhali ɓawonta ɓangare-ɓangare ne, manya-manya, kowanne yana ɗauke da ƙasashe da tekuna, bakinsu yana haɗe da na juna kamar wannan ɗinkin. A can ƙarƙashinsu akwai zafin da ya sa dutse ya yi laushi yana motsi a hankali, ɓangarorin suna tafiya a kansa. Tafiyar ba ta fi yadda farce yake tsiro ba, shi ya sa ba mai jin ta. Iya ta duba farcenta, ta ce in haka ne me zai rushe bene?

Na ce ta tuna ƙofar banɗakinmu da damina, in katakon ya sha ruwa ya kumbura. Ki tura ta ƙi, ki ƙara ƙarfi ta ƙi, ki sa kafaɗa, sai ta buɗe gaba ɗaya ki tafi luu kamar za ki kifa. Haka bakin ɓangarorin nan yake. Suna son wuce juna, duwatsun gefensu sun cije, ƙarfi yana taruwa shekara da shekaru, tun kafin a gina garin da ke sama. Ranar da dutsen ya kasa riƙewa sai ya suɓuce lokaci ɗaya, duk abin da ke kansa ya jijjiga. A wani wurin kuma ɓangare ɗaya ne yake nutsewa ƙarƙashin ɗan'uwansa, dutse ya narke a can ciki, ya nemi hanya ya ɓullo ta kan tsauni, shi ne ake cewa dutse yana aman wuta. Na ce ko ƙasarmu ta taɓa yin nata zamanin. Wasu duwatsun da ke wajen Jos da Biu tsofaffin masu aman wuta ne da suka huce, yanzu ana noma a gindinsu.

Iya ba ta yi boko ba, amma ta gane aikin da na kira ta ta yi. Ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji, ta ce to mu me ya sa ba a yi a nan? Na ɗora yatsa a tsakiyar wani ɓangaren ƙwaryar, nesa da zaren, na ce ga mu nan. Ba halinmu ne ya ajiye mu a nan ba, a nan muka buɗe ido muka ga kanmu. Na matsar da yatsan kan ɗinkin na ce ga inda auta ya je karatu. Taswirar da ke bangon ajina ta girme shi, kuma a jikinta akwai jan layi da ya ratsa ta yankin. Akwai ƙasashen da kiran sallah ba ya yankewa a cikinsu, suna kan layin, suna shan girgiza, masallaci ya faɗi tare da kasuwa. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da Allah, suna zaune a tsakiya lafiya lau kamar mu. Iya ta ce kin san da layin kika bari ya tafi? Na ce na sani, kamar yadda na san hanyar Kano tana cin mutane kuma ba mu daina bin ta ba. Mutane suna haihuwa su tsufa a kan layin nan, ba kuma mai iya faɗin ranar da zai motsa. Na ce Allah ne ya yi ƙasa da ɗinkinta, shi ya yi teku da igiyarta, kuma in kwalekwale ya kife da masunta ba ma cewa an yi fushi da su. Ajali ne, ya same shi a inda aka rubuta masa.

Tsintar wake ta tsaya tuntuni. Inna ba ta juyo ba. Bango ta duba, ta ce, "Ku tambaye ta, tun kafin ya je haka wurin yake?"

Na ce wa Iya, "Ki faɗa mata tun kafin a haifi kakan kakanmu. Tun kafin mutum ya taka wurin."

Inna ta ajiye waken a gefe. Sannan ta ce, "Ku tambaye ta ko ya sha wahala."

Wannan ba ya cikin darasina. Amsa mai daɗi tana bakina, amma na ga in na faɗe ta na zama Gwaggo, mai faɗin abin da ba ta sani ba. Na ce girgizar kanta ba ta daɗewa, kafin mutum ya gama alwala ta wuce, amma abin da ya same shi a ƙarƙashin ginin ban sani ba. Abin da na sani shi ne mutanen unguwar sun tona da hannunsu har suka fito da shi, baƙo ɗan wata ƙasa, alhali nasu 'ya'yan suna ƙarƙashi. A nan ne Inna ta yi kukan da ba ta yi ba tun da labarin ya zo. Iya ta shiga ta riƙe ta. Ni na zauna a bakin ƙofa da ƙwarya a cinya, don ko a ranar ba hurumina ba ne in rungume ta.

Ranar sadakar bakwai Gwaggo ta aiko cewa ba za ta zauna wurin addu'a ba sai na zo na ba ta haƙuri. Na je. Na durƙusa har ƙasa, na gaishe ta yadda ake gaida gwaggo, na tambayi baƙunta, na ce in muryata ta hau kan tata ta yafe mini. Ta ce maganar fa? Na ce maganar tana nan inda na ajiye ta. Ta kawar da kai ta ce ɗan'uwanta bai yi sa'ar 'yar fari ba. Har yau in an ambace ni a Kano cewa take yi yarinyar nan mai tsaurin ido, ni kuwa duk sallah ina aika mata goro, kuma tana karɓa.

An soya ƙosai da masa an raba. Bayan an gama addu'a a rumfa, liman ya shigo baranda don ya yi wa mata tasu kamar yadda aka saba. Tsoho ne, shi ya raɗa wa auta suna. Ya tsaya a bayan labule ya gyara murya zai fara, sai muka ji Inna, wadda ban taɓa jin ta yi magana da ƙarfi a gaban namijin da ba Baba ba.

Ta ce, "Malam, a haɗa da mutanen garin. Waɗanda suka rasu tare da shi, da waɗanda suka tono shi. Maƙwabtansa ne."

Liman ya amsa daga bayan labule. Ya ce wannan shi ne daidai. Ya ce wanda gini ya faɗo wa ana kyautata masa zaton shahada, kuma shi dai a iya karatunsa bai san wanda aka ba sanin dalilin Allah a kan bayinsa ba. Ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa wa yaronmu, ya roƙa wa mutanen da ba mu iya ko faɗin sunan garinsu daidai. Ban sunkuyar da kai ba kamar yadda ya kamata, Gwaggo nake kallo. Hannunta ya daɗe a kan cinya. Da ta ga duk ɗakin an ɗaga, ta ɗaga nata, ban kuma ɗauke ido ba sai da na ga leɓenta ya motsa.

Aka shafa, liman ya fita, mata suka fara laluben takalmansu. Inna ba ta sauke hannunta ba. Ta ci gaba da roƙo a fili, tana kiran sunan ɗanta, tana faɗa wa Allah irin yaron da yake, hawaye suna bin gwiwar hannunta. Wasu 'yan Kano da za su bi motar yamma suka matso za su yi mata sallama. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya, na ce su jira, ko mota za ta tashi ta bar su, Inna tana magana da Ubangijinta a kan ɗanta.